Me ya rufe ƙofar gidan wasan Britannia Panopticon?

A titin Trongate da ke tsakiyar birnin Glasgow na ƙasar Sikotlan akwai wani tsohon bene da aka gina a 1857. Bayan shekara biyu aka buɗe samansa a matsayin gidan waƙa da barkwanci mai suna Britannia. Irin waɗannan gidaje su ne mashaƙatar talakan Birtaniya a wancan zamani: mawaƙi ya sauka daga dandamali, mai barkwanci ya hau, mai rawa ya biyo baya, duk a kan 'yan kwabbai. A 1938 aka rufe shi, kuma laifin da aka fi ɗora wa sinima ne. Akwai gaskiya a ciki, amma zancen ya fi haka tsawo.

Masu cika gidan leburori ne, da ma'aikatan masana'antu, da maƙeran jiragen ruwa na bakin kogin Clyde. Mutum kusan 1,500 kan cunkushe a kan bencin katako, cikin hayaƙin taba da warin gumi. Ba sa yi wa kowa kara. Ɗan wasan da bai burge su ba sai ya sha ruwan ruɓaɓɓen kayan lambu, da kashin doki, har da ƙusoshin ƙarfen da suka ciko aljihu da su daga wurin aiki. A gaban wannan taro ne mai barkwanci Stan Laurel, yana ɗan shekara 16, ya fara gwada sa'arsa a 1906, tun kafin duniya ta san shi tare da Oliver Hardy.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne gidan da kansa ya shigo da kishiyarsa. Tun 1896 ya fara haska majigi tsakanin wasa da wasa. Da wani mai suna A. E. Pickard ya karɓi ragamarsa a 1906, ya sauya masa suna zuwa Panopticon, ya ƙara gumakan kakin zuma da wasannin kalankuwa, ya zuba namun daji a ƙarƙashin ginin. A ganina wannan tarkace alama ce cewa waƙa da barkwanci kaɗai sun daina riƙe ciniki tun kafin fim ya iya magana.

Da fim mai sauti ya iso a ƙarshen shekarun 1920, lissafi ya juya gaba ɗaya. Fim sau ɗaya ake shirya shi a haska a ɗaruruwan gidaje, ɗan wasa kuwa kowane dare sai an biya shi. Ga sinimar Green's Playhouse da aka buɗe a Glasgow a 1927 da kujeru fiye da 4,000 masu laushi. Wa zai bar wannan ya koma kan katako? Rediyo ma ya yi tasa ɓarnar a hankali. BBC ta buɗe tasha a birnin a 1923, kuma barkwancin da mutum kan yi shekaru yana yawo da shi gari-gari sai ya ƙare a dare guda, domin kowa ya riga ya ji.

Wasu na jingina komai ga karayar tattalin arziki. Lallai ta taɓa Clyde sosai: a Disamban 1931 aka dakatar da aikin jirgin da daga baya ya zama Queen Mary, dubban ma'aikata suka zauna a gida har 1934. Sai dai a cikin waɗannan shekaru ne gidajen sinima suka yi ta ƙaruwa a birnin. Talauci bai hana mutane fita kallo ba, ya dai tilasta musu zaɓen inda za su kai ɗan abin da ya rage.

Manyan gidaje masu jari sun ɗan jure. Glasgow Empire ya kai 1963 kafin zamanin talabijin ya cimma masa. 'Yan wasa masu sa'a sun koma fim da rediyo, saura suka ɓace. Asarar da ta fi damuna ita ce ta 'yan kallo. A Britannia talaka ne alƙali, ihunsa kan ɗaga ɗan wasa ko ya sauke shi nan take. A sinima an ba shi kujera mai kyau, an kuma karɓe masa wannan iko.

Ginin kuwa kamfanin teloli ne ya karɓe shi, aka yi rufi aka ɓoye barandar 'yan kallo, har kaji aka kiwata a sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan watsi da aka yi da shi ne ya hana a taɓa shi, yayin da aka rushe takwarorinsa. Daga 1997 wata mai suna Judith Bowers da wasu 'yan sa-kai suka fara farfaɗo da shi, kuma yanzu ana sake yin wasa a cikinsa, da taimakon gudummawar jama'a.