Yadda ake lanƙwasa leɓen fendar mota a gida don faffaɗar taya ta daina goga

Masu motoci da yawa na sauya tayoyinsu da waɗanda suka fi faɗi, wasu don motar ta ƙara riƙe titi, wasu don kwalliya. Sai an ɗauki mutane a baya ko an faɗa rami sannan a fara jin wani ƙara daga wajen taya. Wannan ƙara alama ce cewa gefen tayar na gogar ƙarfen fenda. Gefen taya kuwa shi ne wuri mafi rauni a jikinta, ba a yi masa faci mai aminci, kuma idan ƙarfe ya ci gaba da yankarsa tayar na iya fashewa ana tsaka da gudu.

Me ke kawo gogar?

Lambobin da ke jikin taya su ne ke bayyana matsalar. Toyota Corolla da yawa na zuwa da taya mai lamba 205/55 R16. Ma'ana faɗinta milimita 205, tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari na faɗin, rim ɗinta kuma inci 16. Idan aka koma 225/50 R16, faɗi ya ƙaru da milimita 20, wato 10 ta ciki, 10 ta waje, amma tsayin tayar gaba ɗaya na nan kusan milimita 632. Wanda ya sayi 225/55 R16 kuwa ya ƙara wa tayar tsayin milimita 22, don haka za ta fi kusantar fenda, kuma mitar gudu za ta riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun motar.

Akwai kuma lambar ET da ake bugawa a bayan rim. Idan lambar ta ragu, rim na ƙara fitowa waje. Sauya rim mai ET45 da mai ET35 na turo taya waje da milimita 10. A haɗa da ƙarin faɗin taya, bakinta ya matso waje da milimita 20, daidai inda leɓen fenda yake. Wannan leɓe ƙarfe ne da kamfani ya naɗe zuwa ciki don ƙarfafa bakin fendar. Aikin da ake yi shi ne tura shi sama ya kwanta a jikin fendar ta ciki.

A fara gano inda take goga

Lanƙwasa leɓe na maganin gogar waje ce kawai. A shafa alli a leɓen, a ɗora kaya ko mutane a baya, a bi ta kan tudun rage gudu a hankali, sannan a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu. Inda allin ya goge nan ne matsalar. Idan alamar na jikin shokozoba ko robar da ke cikin fendar, taɓa ƙarfen waje ɓata lokaci ne. Shokozoba da ta mutu ma na sa mota ta riƙa nutsewa kan taya idan an faɗa rami, kuma maganinta sauyawa ne.

A kuma gwada fendar da maganaɗisu. Idan bai kama ba, ko dai alminiyam ce, ko roba, ko kuma an taɓa cike wurin da fila bayan haɗari. Fendar gaba ta Peugeot 307 ta roba ce, ba ta lanƙwasuwa. Alminiyam na saurin tsagewa, fila kuma ɓarewa take yi. Irin waɗannan a bar wa fanal bita.

Kayan aiki

Ana buƙatar jak, sandunan ƙarfe na tokare mota, sifanar taya, na'urar hura iska mai zafi, da na'urar lanƙwasa fenda irin wadda kamfanin Eastwood ke yi. Ita wannan na'ura ana ɗaure ta da notuna a mazaunin taya, tana da hannu mai ƙaramar taya ta roba mai tauri a bakinsa. Wasu na cusa bututun ƙarfe ko sanda tsakanin taya da fenda su tura motar. Hanyar na da arha, amma ba a iya daidaita ƙarfin matsi, sai fendar ta fito da tudu da kwari.

Yadda ake aikin

A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a sa wa sauran tayoyin waigi, a ɗaga ta, a tokare da sandunan. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. A cire tayar, a wanke bayan leɓen sosai, domin tsakuwa ɗaya da ta maƙale za ta fito da ƙulli a jikin fenti. Idan a gaba ne, a kwance robar ciki.

A ɗaure na'urar, a daidaita ƙaramar tayarta ta jingina da leɓen a karkace. Sai a ɗumama fentin, ana yawo da iskar ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba, har ya kai kimanin digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Salsiyas. Fenti mai sanyi tsagewa yake yi, wanda ya sha zafi da yawa kuma sai ya yi ƙuraje. A riƙa kai hannun na'urar gaba da baya, ana ƙara matsi kaɗan-kaɗan, ana sake ɗumamawa, ana miƙar da ƙaramar tayar a hankali. Ya fi sauƙi da mutum biyu, ɗaya na riƙe da zafi, ɗaya na turawa. Da zarar fatar fendar ta waje ta fara motsi, a sassauta.

Fendar baya ta fi wuya, domin ƙarfe biyu ne aka haɗa da walda. Shi ya sa yanke leɓen da injin yanka kuskure ne: haɗin zai buɗe, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama.

Bayan an gama

A duba fentin da fitila. Duk inda ya tsage a rufe da fenti da maganin tsatsa a ranar, a bar ɗan sarari a naɗin yadda ruwa zai riƙa fita. A mayar da taya, a ɗaure notuna a gicciye da ƙarfin da littafin motar ya faɗa, wanda a Corolla Nm 103 ne. Sannan a maimaita gwajin alli da kaya a baya.

Sararin da ake samu bai wuce faɗin leɓen ba, kuma ƙarfen da aka lanƙwasa ba ya komawa yadda yake, abin da mai saye zai iya gani idan an tashi sayar da motar. Idan tayar ta ci gaba da goga bayan wannan, girman tayar ko lambar ET ce ba ta dace da motar ba, sai a koma wa mai sayarwa a sauya.