Mitski: Mawaƙiyar da Ta Ƙi Yarda Shahara Ta Mallake Ta

Kiɗan rock, wanda ya samo asali a Amurka a tsakiyar ƙarni na 20, ana gina shi ne a kan jita mai aiki da lantarki da ganguna da muryar mawaƙi, kuma daga jikinsa ne wani reshe da ake kira indie rock ya tsiro a Ingila da Amurka tun daga ƙarshen shekarun 1970. Sunan yana nuni da mawaƙan da ke fitar da ayyukansu ta hannun ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, ba ta hannun manyan kamfanonin da suka mamaye kasuwar waƙa ta duniya ba, waɗanda a yau su ne Universal da Sony da Warner. Wanda ya bi wannan hanya yakan rasa kuɗin talla da na sitidiyo mai tsada, amma yakan riƙe ikon yanke shawara a kan abin da zai rera da yadda zai rera shi, kuma a kan wannan iko ne rayuwar Mitski Miyawaki ta ginu.

An haife ta ranar 27 ga Satumba, 1990, a yankin Mie na ƙasar Japan, mahaifiyarta 'yar Japan ce, mahaifinta kuma Ba'amurke ne wanda aikinsa a ma'aikatar harkokin wajen Amurka ya sa iyalin suka yi ta ƙaura daga wannan ƙasa zuwa waccan. Ta zauna a Malesiya da Sin da Turkiyya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango kafin ta tare a Amurka, inda ta fara karatun harkar fim a Kwalejin Hunter da ke birnin New York, sannan ta koma Kwalejin Purchase ta karanci tsara kiɗa. Yaron da ya tashi yana sauya makaranta da harshe da abokai kusan kowace shekara yakan zama baƙo a ko'ina, kuma wannan baƙunta ita ce jijiyar yawancin waƙoƙinta.

Kundayenta biyu na farko, Lush na 2012 da Retired from Sad, New Career in Business na 2013, ayyukan makaranta ne da ta fitar da kanta, an kuma gina su a kan fiyano da taron makaɗa ɗalibai. Da ta gama karatu ta rasa waɗannan makaɗa da ɗakunan makaranta, sai ta koma ga jita, kayan kiɗan da mutum ɗaya zai rataya ya shiga mota da shi daga gari zuwa gari. Daga nan aka samu Bury Me at Makeout Creek a 2014, kundi mai kaushin sauti wanda ya jawo mata hankalin masharhanta, sai Puberty 2 a 2016 a ƙarƙashin kamfanin Dead Oceans, wanda ita da furodusanta Patrick Hyland suka ɗauka cikin kimanin mako biyu. A cikinsa ne waƙar “Your Best American Girl” take, wadda ke bayyana halin macen da ke son wani amma tarbiyyar gidansu da ta gidansa ba su haɗu ba, har ta kai ga karɓar asalinta ba tare da neman gafarar kowa ba.

A nan ne matsalar da ta fi damunta ta bayyana. Masu sauraro da masharhanta da yawa sun ɗauki waƙoƙinta a matsayin littafin sirrin zuciya da aka buɗe wa duniya, kamar dai ba ta yi wani aiki ba illa zubar da abin da ke ranta. Ta sha nuna rashin amincewa da wannan fahimta, domin a ganinta ana yawan yi wa mata mawaƙa haka, a yaba wa raɗaɗinsu a manta da gwanintarsu, alhali kuwa ita ta zauna a aji ta koyi yadda ake jera sauti da auna kalma. Hujjarta tana da ƙarfi, kuma kundin Be the Cowboy na 2018 shi ne amsarta: waƙoƙi 14 cikin ɗan abin da ya haura rabin sa'a, yawancinsu ba su kai minti uku ba, an saka su a bakin wata mace ƙagaggiya mai tsananin kame kai wadda kamewar tata ke warwarewa sannu a hankali. Mujallar Pitchfork ta zaɓe shi a matsayin kundin da ya fi kowane a shekarar. Ko a kan dandamali ma ta daina tsayawa da jita kawai, ta ɗauko tsararren motsin jiki da ta shirya tare da Monica Mirabile, mai kama da butoh, wato salon rawar Japan na bayan Yaƙin Duniya na Biyu mai jan jiki a hankali, don mai kallo ya gane wasa ake yi masa da gangan.

A daidai lokacin da tauraruwarta ke haskawa, cikin 2019, ta sanar cewa wasan da za ta yi a Central Park na New York a watan Satumba shi ne na ƙarshe har sai abin da hali ya yi, ta janye daga shafukan sada zumunta, ta koma birnin Nashville da zama. Shekarun yawon wasa ba hutu sun gajiyar da ita, ta kuma ji cewa sana'ar na neman mayar da ita kayan sayarwa. Sai dai a lokacin annobar korona matasa suka gano tsofaffin waƙoƙinta a TikTok, musamman “Nobody” da “Washing Machine Heart”, ta yadda ta fi shahara tana ɓoye fiye da lokacin da take fili.

Yarjejeniyarta da Dead Oceans ta wajabta mata ƙarin kundi ɗaya, wanda ya zama Laurel Hell na watan Fabrairun 2022, ya kuma kai matsayi na 5 a jadawalin Billboard 200, ma'aunin kundayen da suka fi kasuwa a Amurka. A wannan shekarar ta roƙi 'yan kallo su rage ɗaukar wasanta gaba ɗaya da waya, saboda hakan na raba ta da mutanen da ke gabanta; wasu suka ji haushi, ko da yake roƙon bai wuce abin da duk mai tsayawa gaban jama'a ke da haƙƙin nema ba. Waƙar da ta rera tare da David Byrne da ƙungiyar Son Lux a fim ɗin Everything Everywhere All at Once ta shiga takarar lambar yabo ta Oscar a 2023.

Bayan ta sake tattauna sharuɗɗan kwantiraginta, ta ci gaba da aiki bisa zaɓin kanta, ta fitar da The Land Is Inhospitable and So Are We a Satumban 2023, wanda aka ɗauka a Nashville da Los Angeles tare da taron makaɗa da 'yan amshi. Daga cikinsa ne “My Love Mine All Mine”, waƙa mai sanyi da ba ta kai minti biyu da rabi ba, ta zama ta farko cikin waƙoƙinta da ta shiga jadawalin Billboard Hot 100, shekara goma sha ɗaya bayan kundin farko da ta fitar tana ɗaliba, daga baya kuma aka saurare ta fiye da sau biliyan ɗaya a Spotify.