Buzuzun Bolibiya Da Doka Ta San Sunansa

Daga Wakilinmu na Arewa

Buzuzun nan da muka saba gani yana mirgina kashin shanu a bayan gari, ashe danginsa sun fi iri 30,000 a duniya. Masana kan gane ɗan gidan ne ta 'yan zare biyu da ke kansa, waɗanda ƙarshensu ke buɗewa kamar mafici.

To, a Amurka ta Kudu akwai wani daga cikinsu wanda ba ruwansa da kashi, tsutsarsa ruɓaɓɓen itace take ci. Ba a samunsa ko'ina sai a dazuzzukan Yungas na duwatsun ƙasar Bolibiya. A 1909 ne wani Bajamushe mai suna Moser ya raɗa masa suna Dynastes satanas, watau Shaiɗan. Baƙi ne wuluk, babban namiji kan kai santimita 10, da dogon ƙaho mai jan gashi a ƙarƙashinsa.

Ƙahon nan shi ya jawo masa. Masu kiwon ƙwari don sha'awa, musamman a Japan, suna sayensa da tsada, mutanen ƙauye kuwa sai su kunna fitila da dare su yi ta kamawa. Saboda haka a taron Doha na 2010 aka sa shi cikin yarjejeniyar CITES, ba a fita da shi sai da takardar izni.

Amma fa yana da ɗan'uwa, Dynastes neptunus, na Kolombiya da Ekwado da Peru, wanda yarjejeniyar ba ta ambata ba. 'Yan'uwanmu da ke hulɗa da kwastan a Apapa sun san abin da sauya sunan kaya a takarda ke nufi.

Manyan mazan ba wuyar rarrabewa, domin ƙahonin gefe biyu na neptunus dogaye ne, na Shaiɗan kuwa gajeru. Wahalar tana wajen namijin da bai ƙoshi ba yana tsutsa, don ƙahonsa kan fito ɗan guntu, da kuma macen da ba ta da ƙaho ko kaɗan. Nan sai masani ya zaro al'aurar namijin ya duba da madubin ƙara girma, ya gwada da na asali da aka adana a gidan tarihi. Tun 2003 kuma an sami dabarar karanta ƙwayoyin gado, wadda ƙafa ɗaya ta ƙwaron ta isa a yi ta.