Baƙin Rani a Gonakin Dawakin Tofa

Duk wanda ya tashi a Dawakin Tofa ya san shamuwa. Da zarar ta sauka kan kuka ko tsamiya tana jan kirare don yin sheƙa, manomi ya san lokacin sharar gona ya ƙure, damina ta ƙarato. Idan ruwa ya ɗauke sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Amma akwai wasu baƙin da ke zuwa bayan tafiyarta, waɗanda ba kasafai ake kula da su ba.

Daga watan Satumba zuwa Oktoba, ana tsakar kaka, ƙananan tsuntsaye ke tsere wa hunturun Turai, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su yada zango a ƙasar Hausa har zuwa Maris ko Afrilu. Wanda ya fi sauƙin gani shi ne mai rawayan ciki da doguwar wutsiya, wanda ke bin sawun shanu a fadama yana kaɗa jela sama da ƙasa, yana cafke ƙwarin da kofato ya tayar. Akwai kuma 'yar mai farin maƙogwaro da ke laɓewa cikin ƙaya, wadda nauyinta bai kai giram 20 ba.

Me ke riƙe su a gonar da aka girbe? Babban dalili shi ne gawo. Shi kan zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, don haka ƙwari ke taruwa a kansa lokacin da sauran itatuwa suka bushe. A nan baƙin ke tara kitsen da za su ƙona a hanyar komawa. Abin da ya sami ƙasarmu kuwa yana bin su har can. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya sun tarar fiye da rabin masu farin maƙogwaron ba su koma ba, daga baya aka gano farin da ya afka wa yankin Sahel ne sanadi.

Kallon nasu bai buƙatar tarkace. A fita da sanyin safiya kafin hazo ya yi kauri, a ba rana baya, a tsaya cik kusa da gawo ko bakin ruwa irin dam ɗin Watari da ke Bagwai. Idan aka ga baƙon tsuntsu, kada a yi gaggawar raɗa masa suna. A fara duban girmansa: ya kai kurciya? Bakinsa siriri ne irin na mai cin ƙwari, ko kakkaura na mai fasa tsaba? Tsalle yake ko tafiya? A rubuta, tare da rana da wuri.

Irin wannan rubutu ake tattarawa a shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar APLORI ta Jos ta soma a 2015, inda 'yan sa-kai ke aika abin da suka gani ta waya. Masu kallo sun fi karkata ga dausayin Haɗejiya da Nguru, inda agwagin ruwa ke sauka dubbai. Gonakin karkarar Kano ma suna da nasu baƙin, kuma makiyayi da manomi sun fi kowa sanin ranar isowarsu. Kafin a sa gatari a gindin gawo don itacen girki, ya kamata a san wa ke ci a kansa.