Kafin ka sayi sabuwar na'urar sanyaya ɗaki, duba abin da ya sauya a gidan

A ranar 3 ga Afrilun 2024, hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ƙara wa masu rukunin Band A kuɗin yunit ɗaya daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225. A ranar ce kuma zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, cikin bazarar da ta gallabi yankin Sahel baki ɗaya. Daga baya an ɗan sassauta farashin, amma a shekarar 2024 bai sauko ƙasa da Naira 200 ba.

Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan wutar da ta ɗan haura yunit ɗaya a awa guda. Idan ta yi awa takwas kowane dare injinta bai huta ba, kuɗin zai wuce Naira 50,000 a wata, a ɗaki ɗaya tak, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000. Don haka na'urar da ba ta dace da ɗakinta ba haraji ce da maigida ya ɗora wa kansa.

Alamar farko tana wajen injin da ke waje. Na'ura ta gargajiya, wadda ba inbata ba, kan tsaya idan ɗaki ya kai sanyin da aka saita. Idan tana ta ruri tun azahar har tsakar dare ɗakin bai yi sanyi ba, a fara wanke matatar ƙura, domin hunturu kan toshe ta. In an wanke bai sauya ba, zafin da ke shiga ɗakin ya fi ƙarfinta.

A nan ne mafi yawanmu kan yi kuskure, a ruga kasuwa a sayo mafi girma. Tambayar da ta kamata ita ce: me ya sauya tun da aka kafa ta? Wataƙila an sare darbejiyar da ke kare tagar yamma daga ranar la'asar. Wataƙila an fasa bango an haɗe falo biyu, ko iyali sun ƙaru, ko an shigo da firji. Maƙwabci ma kan ɗaga katanga dab da injin waje, iskar zafin da yake fitarwa ta riƙa komo masa. Sai kuma rufi, wanda ya fi komai tasiri a gidan da ba bene ba. Kwano da siririn silin kan zubo zafin yini cikin ɗaki har bayan isha'i. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana ya san aikin da bangon ƙasa mai kauri yake yi ba tare da wuta ba. Shimfiɗa abin tare zafi a bisa silin da samar wa taga inuwa sukan rage wa na'ura nauyi tun daga tushe.

Wadda ta yi wa ɗaki girma ita ma tana da tata illar. Takan kunna ta mutu a kai a kai, ba ta daɗe da aiki har ta tsotse laima ba, shi ya sa a watan Agusta ɗaki kan yi sanyi amma jiki na danƙo.

Batun gas kuwa, ba ya ƙarewa kamar man mota. Zagayawa yake yi cikin bututu a rufe. Mai gyaran da ke ɗura maka shi kowace bazara bai nemo inda yake yoyo ba, kuɗinka kawai yake ci. Idan na'urar mai gas ɗin R22 ce, a sani cewa yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta sun sa ƙasashe masu tasowa su kusan daina shigo da shi nan da 2030.

Wanda ya koma sola ko janareta ma ya sake lissafi, domin tsohuwar na'ura kan ja wuta mai yawa a daidai lokacin tashi, abin da kan jefar da ƙaramar inbata. Ɗan haya kuma, da ba shi da ikon taɓa rufi, ya je duba ɗaki da ƙarfe huɗu na yamma, ya dafa bangon yamma da tafin hannu kafin ya biya kuɗin shekara.