Numfashin Aro: Rayuwar Mai Dashen Huhu Da Sauƙin Da Shari'a Ta Yi Masa

Baligi mai lafiya yana shaƙar iska ya fitar da ita sau 12 zuwa 20 a kowane minti, wato fiye da sau dubu 17 a dare da yini, ba tare da ya ƙirga ko ɗaya ba. Amma a cikin bayin Allah akwai waɗanda tun suna zanen goyo numfashi ya zame musu aiki. Sun tashi cikin tari da kaki da kwanciyar asibiti, suka girma suna auna kowane taku da ƙarfin ƙirjinsu, har ranar da likita zai ce huhun ya ƙare, babu abin da ya rage sai dashe. Mu da muke jin labarin daga nesa mukan ɗauka cewa ranar tiyata ce ƙarshen wahala. Likitocin fannin kuwa sukan shaida wa majinyaci tun kafin ya sa hannu cewa zai ajiye tsohuwar cuta ne ya ɗauki sabuwar hidima wadda ba ta da ranar sauka.

Wannan hidimar muke son mu duba, domin da yawa daga abin da ke kiyaye sabon huhu, ko ya lalata shi, a cikin gida yake faruwa: a wurin azumi, a wurin gaisuwar mara lafiya, da kuma a wurin maganin da 'yan uwa ke kawowa cikin ƙauna.

Cutar da ake haihuwa da ita

Fitacciya a cikin cututtukan huhu na gado ita ce wadda likitoci ke kira sistik faiburosis. Wata likita Ba'amurkiya, Dorothy Andersen, ita ta fara bayyana ta filla-filla a 1938, kuma a 1989 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta. Yadda ake gadonta ba baƙo ba ne gare mu, domin hanya ɗaya take bi da sikila: idan uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, to a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ɗan ya zo da cutar, alhali su iyayen lafiyarsu ƙalau. Ta fi yawa a tsakanin Turawa, amma ana samun ta a ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Pakistan, musamman inda auren zumunci ya yawaita.

Cutar tana sa majinar jiki ta yi kauri da danƙo. A cikin huhu sai ta toshe ƙananan hanyoyin iska, ƙwayoyin cuta su sami mazauni, kowace kwanciya ta bar tabo. Yaron da ke da ita yana tasowa ne da bubbuga ƙirji safe da yamma don a kakkaɓo kaki, da shaƙar magani ta na'ura, da haɗiyar ƙwayoyin narkar da abinci a kowane ci. A 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Trikafta, wanda ya rage yawan masu buƙatar dashe. Sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin mutanen duniya, kuma ba kowane mai cutar yake yi wa aiki ba.

Dashen huhu na farko a jikin ɗan Adam Dakta James Hardy ne ya yi shi a jihar Misisipi ta Amurka a 1963, majinyacin ya rayu kwana 18. Shekara 20 aka shafe ana gwadawa ana kasawa, har zuwa 1983, lokacin da tawagar Dakta Joel Cooper a birnin Toranto na Kanada ta yi dashen da mai shi ya rayu shekaru. Masu sistik faiburosis huhu biyun ake canza musu, domin idan aka bar ɗaya ƙwayoyin cutar da ke cikinsa za su cinye sabon. A yau manyan cibiyoyi ƙalilan ne ke yin aikin, cikinsu har da Asibitin Sarki Faisal na birnin Riyad. A wajenmu dashen ƙoda aka fi sani, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara a 2002, kuma mafi yawan abin da za mu faɗa game da magani da azumi ya shafi masu dashen ƙoda su ma.

Matsayin malamai

Ƙoda ana iya karɓarta daga rayayye, amma huhu kusan kullum daga mamaci yake zuwa, kuma Musulunci ya ba gawa alfarma irin ta mai rai. Saboda haka malamai suka yi dogon nazari. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci idan rayuwar wani ta rataya a kanta, da sharaɗin mamacin ya yi izini kafin rasuwarsa, ko magadansa su yi, kuma ta haramta sayar da gaɓoɓi. Dokar Lafiya ta Najeriya ta 2014 ita ma ta hana wannan ciniki. Majalisar dai, a zamanta na Amman a 1986, ta karɓi mutuwar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya a matsayin mutuwa idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar babu dawowa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka kuwa, a 1987, ta yarda a cire na'urori daga irin wannan majinyaci, amma ta ce hukuncin mutuwa ba ya hawa kansa sai zuciya da numfashi sun tsaya.

Akwai manyan malamai da suka ƙi dashen, irin su Shaihu Muhammad Mutawalli Sha'arawi na Masar da Mufti Muhammad Shafi'i na Pakistan, bisa hujjar cewa jiki mallakar Allah ne, ɗan Adam ba shi da ikon kyautar da shi. Waɗanda suka halatta sun dogara da larura da girman ladan ceton rai, wanda aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita da ceton mutane baki ɗaya. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu sun haɗu a kan tushe guda: jiki amana ne. Wanda aka dasa wa huhu amana biyu ya ɗauka, tasa da ta mamacin da aka taɓa gawarsa dominsa. Sakaci da irin wannan gaɓa, ko da da sunan ibada ne, tozarta amana ne.

Makonnin farko da hukuncin salla

Dashen huhu biyu yakan ci awa 6 zuwa 12. Majinyaci yana farkawa da bututun na'urar numfashi a maƙogwaro da wasu bututai a ƙirji masu zuƙe ruwa da iska. Cikin 'yan kwanaki ake tayar da shi ya fara taku, domin kwanciya na tara kaki. Zaman asibiti yakan kai mako biyu zuwa uku ko fiye, sannan a buƙaci ya zauna kusa da asibitin wajen wata uku, ana zura madubi cikin huhun lokaci zuwa lokaci ana gutsuro ɗan nama a duba. Wani abin mamaki shi ne jijiyoyin da ke kai saƙo daga huhu zuwa ƙwaƙwalwa an yanke su a tiyata, don haka kaki na iya taruwa bai ji alamar tari ba. Dole ya koyi yin tari da gangan. Wasu kuma, bayan shekaru suna numfashi sama-sama, sai sun ɗauki lokaci kafin su amince da sabon huhun, har su ji tsoron rabuwa da bututun oksijin da ba su da buƙatarsa.

A wannan hali salla ba ta faɗuwa, siffarta ce ke sauƙaƙa. Bukhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, ya kai kukan rashin lafiya, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Wanda aka tsaga ƙirjinsa, aka hana shi dogara da hannuwa ko ɗaukar nauyi na makonni, zai yi nuni da ruku'u da sujada. Zai yi shafa a kan bandeji, ko taimama idan ruwa zai cutar. Kuma a mazhabar Malikiyya taimama a kan dutse mai tsarki ta inganta, abin da zai nisanta shi da ƙurar ƙasa. Wajen shaƙa ruwa a alwala, tafasasshen ruwan da ya huce ya fi aminci.

Maganin da ba a tsallakewa

Garkuwar jiki tana kallon sabon huhu a matsayin baƙo, kuma ba ta daina yaƙarsa har abada. Shi ya sa ake ɗora majinyaci a kan magungunan danne ta, yawanci uku: takrolimus da maikofenolet da firednison. Takrolimus an fi shan sa duk bayan awa 12 cif, ana auna yawansa a jini; idan ya yi ƙasa jiki ya far wa huhun, idan ya yi yawa ya ci ƙoda, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara wannan haɗari. Yinin azumi a ƙasashenmu yana kai awa 13 zuwa 14, sau da yawa cikin tsananin zafi, ga shi da dama daga majinyatan suna da ciwon sukari. Don haka likitoci da yawa ke hana azumi aƙalla a shekarar farko, bayan haka kuma sai da izininsu.

Allah Maɗaukaki Ya riga Ya ba mara lafiya uzuri a Suratul Baƙara. Wanda ake fatan samun ikonsa zai rama. Wanda babu wannan fata zai ciyar da miskini guda a madadin kowace rana, wanda Malikawa ke ɗauka mustahabbi, wasu mazhabobi kuma wajibi. Malaman Malikiyya ma sun ce idan mutum ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ruwa ya wajaba a kansa. Mai gorantawa irin wannan majinyaci cewa ya ji sauƙi amma ya ƙi azumi, ya sani yana tura shi ne ga abin da shari'a ta hana shi.

Dashe ba ya cire sistik faiburosis daga sauran jiki, don haka ƙwayoyin narkar da abinci suna nan, kuma daga jikin alade ake samo su. Malamai da dama sun halatta irin wannan bisa larura, matuƙar babu madadi kuma amintaccen likita ya tabbatar da buƙatarsa. Abin tsoro a nan shi ne jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen da ake kawowa gida. Lemon garehul kaɗai yana iya ɗaga takrolimus a jini zuwa mizanin guba. Duk abin da ake tallarsa da cewa yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki, manufarsa ta saɓa wa maganin da ke raye da majinyacin. Ruƙya da addu'a ba sa karo da kowane magani. Abin haɗiya kuwa, komai albarkar asalinsa, sai an tambayi likita.

Gaisuwa, jam'i da aikin Hajji

Gaida mara lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, amma murar da za ta bar mu cikin kwana uku tana iya kwantar da mai dashe, har ta tayar da yaƙin garkuwar jiki. Mai mura ya gaisa ta waya, mai zuwa ya wanke hannu ya taƙaita zama, kada kuma a ga girman kai idan majinyaci ya sa takunkumi ko ya ƙi musabaha. A watannin farko yana da uzurin barin jam'i da Juma'a. Gida kuma a nisanta shi da hayaƙin itace da turaren wuta da taba, da ƙurar hunturu, da kashin tantabara da kaji, da nonon da ba a dafa ba, da naman da bai nuna ba.

Hajji na buƙatar shawara ta musamman. Ban da cunkoso, allurar shawara da ake nema daga maniyyatan Najeriya tana ɗauke da rayayyar ƙwayar cuta da aka raunana, kuma irin wannan allura an hana ta ga masu shan magungunan danne garkuwa. Hajji na kan mai iko ne, lafiyar jiki kuwa tana cikin ikon.

Tsakanin ƙididdiga da ajali

Alƙaluman duniya sun nuna cewa rabin waɗanda aka yi wa dashen huhu suna wuce shekara shida zuwa bakwai, masu sistik faiburosis sukan fi haka, wasu har su haura 20. Kusan rabi kuma suna gamuwa cikin shekara biyar da wata ƙiyayyar garkuwa mai tafiya a hankali, wadda ke ƙuntata hanyoyin iska. Saboda haka majinyaci ke busa na'urar auna numfashi kullum, kuma faɗuwar kashi 10 cikin ɗari ta isa ya kira asibiti. Ajali na hannun Allah, ƙididdiga ba ta gabatar da shi ba ta jinkirta shi. Amma Sayyidina Umar, da ya ji labarin annoba a Sham, ya juya da jama'arsa, ya kuma nuna wa masu ja da shi cewa kauce wa cutar ma cikin ƙaddarar Allah take.

Akwai kuma nauyin zuciya. Wasu majinyatan sukan ji kunyar farin ciki, ganin cewa ranar da danginsu ke murna wani gida na zaman makoki. Ya kamata a tuna musu cewa ajalin mamacin ya zo ne a lokacinsa, jiransu bai jawo shi ba. A ƙasashe da dama ana ɓoye sunan mai kyautar, amma ana ba da damar aika wa iyalinsa wasiƙar godiya ta hannun asibiti. Firednison ma yakan kawo saurin fushi da rashin barci da kumburin fuska, don haka iyali su yi haƙuri, kuma idan damuwa ta daɗe a nemi likitanta ba tare da zargin raunin imani ba.

Abin da ya rataya a wuyanmu a fili yake. Limami ya faɗa a kan mumbari cewa karɓar rangwamen Allah biyayya ce. Ɗalibi ya karanta babin uzurori da irin himmar da yake karanta babin falala. Masu hali su tuna cewa kuɗin magani ba ya ƙarewa da sallama daga asibiti, kuma majinyacin da ya gaza saye yana cikin masu haƙƙi a zakka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani.