Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da ya koya wa Turai Hausa

A ƙarni na 19 Turawa masana sun ratsa ƙasar Damagaram. Mafi shahara cikinsu shi ne Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da sunan Abdulkarim. Amma kaɗan ne suka san yaron da ya tafi tare da shi.

Sunan yaron Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, maƙwabciyar Magarya. A ƙarnin nan Kance da Magarya da Dungas duk sun shiga ƙarƙashin Sarkin Damagaram, harin bayi kuwa ya hana manoma sakewa. Yana ƙarami aka kama shi, aka sayar, har ya kai Kukawa, babban birnin Barno. A can Adolf Overweg, masanin duwatsu da taurari, ya fanshe shi.

Da Overweg ya mutu a bakin tafkin Cadi a 1852, sai Dorugu ya koma hannun Barth. Suka bi ta Damagaram, da Katsina, da Sakkwato, da Sayi, suka isa Tumbutu a 1853. A 1855 Barth ya tafi da shi Ingila, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega.

A Ingila wani ɗan mishan, James Frederick Schön, ya zaunar da shi. Dorugu yana faɗin labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, Schön yana rubutawa da harufan boko. Da taimakon wannan aiki Schön ya buga nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Sunan Bature ne a bangon littattafan, amma Hausar da yawa daga bakin Dorugu ta fito.

Ya komo Afirka a 1864. Da ya tsufa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa, a Kano, ya kuma rasu a can a 1912.

Saboda haka wanda ya gama yaƙi da jahilci a Magarya ko Dungas ya sani cewa da hannun ɗan ƙasarsu a tushen rubutun nan da yake karantawa. Ya cancanci malamai su sa labarin Dorugu cikin darasinsu.